Cire maki kan amsar kuskure: adalci ne ko tsoratar da yara?

Malamin Tudun Wada: Salamu alaikum. Ga abin da kwamiti ya tsayar kan zagayen farko na gasar lissafi ta 'yan babbar sakandare: tambaya 30, kowace da zaɓi 5, minti 90, ba kalkuleta. Amsa daidai maki 4, amsar kuskure a cire 1, wadda aka bari ba ci ba asara. Ni na kawo maganar cirewar, kuma ina nan a kanta. Ita kaɗai ke raba mai sani da ɗan canki-canka.

Malamar Samaru: Wa alaikumus salam. Malam, ban yarda ba. Shekara uku muna yi wa yaran nan huɗuba kada su bar gurbi a WAEC da JAMB, tunda can ba a cire komai. Rana guda kuma a ce cikawa laifi ce? Ina da yarinya a aji biyar, ta fi kowa aljabara, amma sai ta duba amsa sau uku kafin ta yarda da kanta. Ka ce mata za a cire maki, wallahi rabin takardar za ta bari. Ƙarfin hali za ku auna, ba lissafi ba.

Ɗan Gyallesu: Anti, a yi mini afuwa in sa baki. Wanda ya rufe ido ya canka tambaya 5, a bisa ƙiyasi zai dace da 1 ya faɗi 4. Ya ci maki 4, an cire masa 4, ya koma inda yake. Ba a zalunce shi ba, an dai hana shi cin banza. Idan kuwa ba a cirewa, a tambaya 30 zai tashi da kusan maki 24 bai san ko jadawalin sau ba.

Malamar Samaru: Ƙanena, ƙiyasi daban, zuciyar yarinya 'yar shekara 16 daban.

Tsohon Hedimasta: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar zaɓi-sonka ce kanta. Gasar lissafi ta duniya, wadda aka fara a Romaniya a 1959, tambaya 6 ce kacal cikin kwana 2, kullum awa huɗu da rabi a kan tambaya 3. Kowace maki 7, jimla 42, kuma hujjar da yaro ya rubuta ake bi layi-layi. Wanda bai samu lambar zinariya, azurfa ko tagulla ba amma ya cinye 7 a tambaya guda, takardar yabo ake ba shi. Yaran da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ke tacewa, can za su. Zariya, garin da masanin lissafi Farfesa Iya Abubakar ya shugabanci jami'arsa, a ce yaransa da shafa baƙin fensir za su yi gasa?

Malamin Tudun Wada: Baba, Allah ya ƙara girma, gaskiya ka faɗa. Amma wa zai yi makin? Mu bakwai ne, kuma kowa na da ɗalibai a ciki. Ranar da na ba yaro 5 a aikin da wani ya ba 3, sai an kai mu gaban Sarki. Rubuta hanya sai a zagayen ƙarshe, da yara 20.

Tsohon Hedimasta: To, a rufe sunaye a sa lamba, mutum biyu su duba kowace takarda. Na zagayen farko kuwa, ku kuka jiyo.

Ɗan Gyallesu: Akwai dabarar Amurka. A gasarsu ta AMC 12, tambaya 25 ce cikin minti 75: daidai maki 6, wadda aka bari maki ɗaya da rabi, kuskure sifili. Ba a cire wa kowa komai. Mu ma mu ce daidai 5, bari 1, kuskure sifili.

Malamar Samaru: Yauwa! Wannan na yarda. Yaro ba zai koma gida da makin da ya gaza sifili ba, abokai su mai da shi abin tsokana har ya gama makaranta.

Ɗan Gyallesu: Sai dai Anti, amana ta sa in faɗa: dokar Malam ce sak. Maki 1 kawai na ƙara a kowace tambaya, kowa ya samu ƙarin 30. Na ɗaya na nan na ɗaya, kurar baya na nan a baya.

Malamin Tudun Wada: Ato! Ashe da sunan kike faɗa, Malama.

Malamar Samaru: Da sunan nake faɗa mana. Ka ce wa yaro "in ka bari za ka samu ɗaya", ka ce masa "in ka kuskure za a cire maka", ka dubi fuskarsa ka ga ko ɗaya ne. Ni ke tsayawa a kansu a ɗakin jarrabawa.

Malamin Sabon Gari: Yanzu na shigo. Wato wanda ya rubuta sunansa ya kifa kai ya yi barci yana da maki 30, ya wuce wanda ya yi gumi ya ci 5 ya faɗi 25?

Ɗan Gyallesu: Ya wuce shi da 5, Malam.

Malamin Sabon Gari: To ni ba zan karanta wannan sakamakon a gaban iyaye ba. A sa shi a ajandar zaman Asabar.