Koyon jitar bes a hannun Carol Kaye: ta ina zan fara?

Ishaku: Barkanmu da yamma, iyayena da yayyena. Na samu jitar bes ta hannu mai tsirkiya huɗu, kuma mawaƙan majami'armu suna jira in fara riƙe musu kiɗa. Na ga bidiyon wata dattijuwa Ba'amurkiya, Carol Kaye, tana cewa mai koyo ya rage haddar sikel, wato jeren do re mi fa, ya kama sautukan kod, wato rukunin sautukan da ake kaɗawa tare. Wannan ya saɓa wa abin da ake nuna mana. Wanda ya san koyarwarta ya taimaka mini, ta ina zan fara, kuma wane littafinta zan nema?

Baba Dauda: Ishaku ɗana, ka faɗa hannu nagari. Matar nan ba a aji ta samo abin da take faɗa ba. An haife ta a 1935, tun tana 'yar shekara 14 take kaɗa jita ana biyanta, tana kuma koyar da wasu. Kiɗan jaz ta yi a gidajen rawa na Los Angeles, har aka kira ta situdiyo a 1957 ta yi wa mawaƙi Sam Cooke jita. Bes ɗin ma sai a 1963 ta ɗauka, ranar da mai kaɗa ta bai zo aiki ba a situdiyon Capitol. Daga nan ba ta sauke ba, ana ƙiyasta ta yi aikin naɗar sauti wajen 10,000. To ka duba irin aikin: a miƙo maka takarda, sau da yawa sunayen kod ne kawai a jiki, a ce ka ƙirƙiro layi nan take, ga mawaƙi na jira, ga kuɗin situdiyo na tafiya. Wanda ya ci abinci da irin wannan aiki ya san abin da ke fitar da mutum kunya. Shi ya sa take nacewa a kan kod. Idan mai fiyano ya danna C, sautukanka su ne do, mi, so, wato C, E, G. Ya koma F, kai ma ka koma F, A, C. Ya je G, ka kama G, B, D. Waɗannan su ne inda za ka taka. Sauran sautukan wucewa ake yi ta kansu. Mai haddar sikel kaɗai yakan yi ta hawa da sauka, do re mi fa, duk sautukan daidai suke a wurinsa, sai ka ji ya tsaya a kan fa alhali mawaƙa suna kan mi.

Anti Saratu: Baba ya gama magana a kan wannan. Ni a fiyano nake, kuma ina jin bambancin a bayana tun kafin in waiwaya. Littafin da za ka fara da shi sunansa How to Play the Electric Bass, ta fitar da shi a 1969. Bayansa akwai jerin Electric Bass Lines. Tana sayar da su a shafinta na intanet. Amma ka sani da rubutun nota take koyarwa, don haka sai ka zauna ka koyi karatu. Kada ya ba ka tsoro, layi biyar ne, kuma mai bes sauti ɗaya yake kaɗawa a lokaci guda. Wanda ya iya solfa ya yi rabin tafiya.

Nura: Zan ɗan saɓa muku, Baba, da girmamawa. Carol Kaye da fik take kaɗawa, ɗan robar nan mai tauri. A situdiyonmu nan Kano duk wanda ya zo naɗar bes da yatsu yake yi, haka ma 'yan majami'a da nake gani. Idan yaron nan ya saba da fik, ba zai sha wuya ba? Ni da James Jamerson zan haɗa shi, mai bes na kamfanin faifai na Motown a Detroit. Da yatsa ɗaya tal yake kaɗa duk abin da kuke ji, manuniya, kuma har yau ba a gama tsintar abin da ya bari ba. Akwai littafin Standing in the Shadows of Motown na Allan Slutsky, 1989, an rubuta layukansa a ciki.

Baba Dauda: Malam Nura, Jamerson gwani ne na gwanaye, babu mai ja. Amma shi bai zauna ya tsara darasi ba, ya rasu a 1983, wasu ne suka bi faifansa suka rubuta. Littafin nan na wanda ya riga ya tsaya da ƙafarsa ne. Ka ba sabon hannu layinsa na waƙar What's Going On, zai ajiye jitar ya ce ba rabonsa ba ce. Ita kuwa malama ce tun asali, ta san inda mai koyo yake tuntuɓe. Kuma idan ka saurari Jamerson da kyau, a kan sautukan kod ɗin nan yake sauka, sai dai hanyar da yake bi ya iso gare su ce ke da kwana-kwana. Maganar fik kuma, hannun dama kawai ta shafa. Hannun hagu da kunne da lissafin lokaci duk ɗaya ne, ko da me kake kaɗawa.

Nura: Na yarda da wannan. Sai dai a gaya masa akwai taƙaddama: ta ce ita ta kaɗa wasu waƙoƙin Motown a Los Angeles, Slutsky da mutanen Detroit suka ce na Jamerson ne. Zai ci karo da rigimar a intanet.

Anti Saratu: Ya ci karo ya wuce. Ayyukan da babu gardama a kansu sun ishe shi saurare. Ishaku, ka nemi Wichita Lineman ta Glen Campbell, 1968. Bes ce ke buɗe waƙar da 'yan sautuka masu gangarowa, sannan ta koma ta zauna a ƙarƙashin murya, ba ta tsole wa kowa ido. Sai faifan Pet Sounds na Beach Boys, 1966, inda za ka ji bes ba kullum take zama a kan do na kod ba, wani lokaci mi ko so take ɗauka, sai waƙar ta yi kamar ta ɗaga daga ƙasa. Ka sa abin ji a kunne, lasifikar waya ba ta fitar da bes.

Mamman: Gaisuwa daga Maraɗi. Ni da yatsu nake kaɗawa, amma abu biyu na ɗauka a wurinta kuma sun gyara mini kiɗa. Na farko metronom, na'urar nan mai yin ƙyas-ƙyas don riƙe lokaci. Ba ta barinsa yana bugawa a kan ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sawa take yi ya buga a kan biyu da huɗu kaɗai, daidai inda mai ganga yake dukan ƙaramar gangarsa. Ka saukar da manhajar metronom a waya, ka sa ta a 50, ka ɗauki kowane ƙyas a matsayin biyu, na gaba huɗu. Ɗaya da uku kai ne za ka samar da su daga cikinka. Da farko kan mutum juyawa yake yi, ƙyas ɗin ya koma masa ɗaya. A tsaya, a ƙirga da baki, a sake shiga. Ranar da ya zauna, za ka ji ƙyas ɗin kamar yana rawa tare da kai. Na biyu hannun hagu. A gaɓoɓin farko na wuyan jita, inda tazara ke da faɗi, ba ta yarda a baje yatsu huɗu a kan gaɓa huɗu ba. Manuniya, na tsakiya, sai ƙaramin yatsa, na kusa da shi yana taya shi dannawa. Babban yatsa yana bayan wuyan, a kansa hannu yake juyawa ya kai sautin da ke nesa. Wannan yana hana ciwon wuyan hannu.

Ishaku: Yaya Mamman, na gode ƙwarai. Akwai wani abu kuma: idan na bar tsirkiya ɗaya na koma wata, ta farkon takan ci gaba da kuka, sai sautin ya cakuɗe.

Mamman: Tana da maganin wannan ma. Ƙyalle mai kauri mai laushi take ninkawa, ta ɗora a saman tsirkiyoyin can ƙasa dab da inda suka hau ƙarfe, ta manne da salatif. Wannan na masu fik ne. Mai yatsu guntun soso zai cusa a ƙarƙashinsu a daidai wannan wurin. Na katifa ya isa. Kada ya matse sosai, so ake ya rage jan kukan kawai, sautin ya fito gajere, a dunƙule. Jamerson ma da soso a jitarsa.

Nura: Kuma da ita da Jamerson duk tsirkiya mai santsi suke ɗaurawa, ba mai kaushin nan da ke zuwa da yawancin jitoci ba. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba, amma takan yi shekaru, kuma ba ta ƙarar gogar yatsa a makirfo. Ba dole ba ne yanzu. Ka riƙa goge waɗanda kake da su da busasshen ƙyalle bayan kowane kiɗa saboda gumi.

Baba Dauda: To ga aikin da zan ba ka, ɗana, kafin littafin ya iso. Ka kaɗa do, mi, so, do na sama a C, ka sauko. Ka yi haka a F, sai B♭, E♭, A♭, D♭, G♭, B, E, A, D, G, ka dawo C (alamar ♭ tana nufin ka sauke sautin da gaɓa ɗaya). Zagayen da take sa ɗalibanta su bi ke nan, domin haka kod suka fi tafiya a cikin waƙoƙi. Tsirkiyoyinka ma a wannan tazara aka ɗaure su, E, A, D, G, saboda haka zagayen yana ƙarƙashin yatsunka. Kana kaɗawa kana kiran sunan kowane sauti da baki, metronom na kan biyu da huɗu. Idan kod masu sautin fara'a, irin C, E, G, sun zauna ka shiga masu sautin sanyi, irin A, C, E. Ranar Lahadi kuma kada ka yi kwalliya. Ka tambayi mai fiyano kod ɗin kowace waƙa tun a wurin gwaji, ka rubuta, ka riƙe do da so, idonka a kan ƙafar mai ganga.

Ishaku: Na rubuta duka, Baba. Allah Ya saka da alheri. Sautuka nawa zan kaɗa a kowane ƙyas?

Baba Dauda: Biyu. Ɗaya a kan ƙyas ɗin, ɗaya a tsakaninsa da na gaba. Ka naɗi zagayen a waya ka turo nan ranar Asabar, ni da Mamman mu saurara.