Tsofaffin harsasan soja a cikin Lee-Enfield ta 1943, in harba ko in haƙura?

Jikan Ɗan Bama:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu sani ku taimaka min. Ina zaune a Amurka ne jihar Texas, watan jiya na sayi bindiga Lee-Enfield No. 4 ƙirar Long Branch ta Kanada, an buga 1943 a jikinta, na daɗe ina nemanta saboda kakana yana cikin sojojin Afirka ta Yamma da Ingila ta kwasa zuwa yaƙin Bama, kuma Lee-Enfield ce bindigarsu a lokacin, wlh ranar da na ɗaga ta sai da jikina ya yi sanyi. To wanda ya sayar min ya haɗo min da harsasan .303 na soja tsofaffi wajen guda ɗari biyu a cikin wata jakar yadi, wasu kwansonsu ya yi duhu wasu ma akwai wani kore-kore a wuyansu. Ina son in kai ta filin harbi ko sau ɗaya ne in ji ƙararta amma ina tsoron kar in lalata ta ko in ji wa kaina ciwo. Me ya kamata in yi?

Alhaji na Houston:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakanka. Kafin maganar harsashi, ita bindigar ce farko, shekara tamanin ba kwana tamanin ba ne. Duba jikinta kaf, in ka ga an buga harufan DP to ta fareti ce da koyon riƙo, ba a harba ta, ka rataye abarka a bango. In babu, kai ta wurin maƙerin bindiga ya auna maka ratar da ke tsakanin fuskar sakata, wato ƙarfen da ake turawa ya kulle harsashi a cikin bututu, da gindin harsashi, suna da ma'auninsu na ƙarfe. In ratar ta yi yawa kwanson yakan miƙe har ya tsinke ta wajen gindi, zafin ya fito ta baya inda fuskarka take. Daɗin No. 4 shi ne kan sakatarta ana kwance shi a sauya, akwai lamba 0 har zuwa 3, gyaran ba tsada.

Su kuwa waɗanda suka yi kore a wuya ko suka tsage, ware su, kar ka sa ko ɗaya, ka tambayi masu filin yadda ake zubar da su.

Baban Ummi:
Alhaji ya gama magana a kan bindigar, ni bari in tsaya kan abin da ya taɓa cina. Yawancin harsasan soja na wancan zamanin ɗan maɓallin da ke gindinsu, firaima, an haɗa shi da sinadarin fotashiyam kuloret ne, idan ya tashi sai ya bar wani gishiri a cikin bututun, shi kuma gishiri ka san halinsa, janyo laima yake daga iska. Ni na harba guda ashirin kacal ranar Asabar, na dawo a gajiye na goge da mai kamar yadda na saba na ajiye, ranar Talata na haska tocila a ciki sai na ga bututun ya yi ja kamar an barbaɗa garin barkono, tsatsa ce ta kama, na goge na goge amma 'yan ramukan da ta ci suna nan har yau, kuma bindigar nan da na saye ta cikinta kamar madubi yake. Abin ya daɗe yana min ciwo.

Mai ba ya narkar da gishiri, ruwa ne yake narkar da shi. Su kansu sojojin Ingila tafasasshen ruwa suke kwararawa ta mazurari daga baya ya fita ta baki. Haka za ka yi a ranar da ka harba, ba gobe ba, ka zare sakatar, ka dafa ruwa a buta ka zuba a hankali, zafin da ƙarfen ya ɗauka shi zai busar da shi, ka bi da busasshen ƙyalle sannan mai. Fuskar sakatar ma ka wanke ta. Bayan kwana biyu ka sake leƙawa.

Na biyu, tsohon harsashi yakan yi nauyin tashi. Ka ja kunama ka ji ƙyat kawai, shiru, sai bayan ɗan lokaci ya tashi. In haka ta faru kar ka buɗe sakata kar ka juyo ka ce wa na kusa da kai zo ka gani, bakin bindiga ya ci gaba da kallon inda kake harbi, ka ƙirga minti ɗaya cur. In kuma ƙarar ta fito a raunane ko ba ka ji ta buge kafaɗarka kamar sauran ba, tsaya nan, zare sakata ka leƙa, wataƙila kan harsashin ya maƙale a tsakiya, in ka ɗora wani a bayansa bututun kumbura zai yi ko ya fashe. Gilashin kare ido dole ne.

Maman Haidar:
Mijina ma yana tara irinsu, ni nake riƙe masa tocila in yana duba lambobi. Ka karanta rubutun gindin kwanson. In ka ga VII ko 7 shi ne na bindigar, an fara shi tun 1910, albarushinsa kodayit, in aka buɗe shi dogo-dogo ne kamar taliya, kuma yana ci da zafi sosai, a hankali yana cinye makogwaron bututu. In da Z a gefe albarushin wani iri ne daban. Mai 8Z kuwa an yi shi ne don mashinga Vickers. Wanda masu tarawa suka fi yabo shi ne na Girka mai HXP, ba ya barin gishirin nan. Sannan kar ka yarda wani ya ba ka harsashi 7.62 na NATO ya ce ai duk Enfield ce, wannan na bindiga Ishapore 2A ta Indiya ne, kama kawai suka yi.

Ga na gida masu karantawa, wannan maganar ta inda doka ta yarda ce, a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa .303 cikin bindigogin soja da aka haramta wa farar hula.

Jikan Ɗan Bama:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba babu DP, kan sakatar lamba 1 ne, harsasan kuma VII ne na 1942 da 1944, na ware guda talatin da ɗaya masu kore. Ranar Alhamis zan kai ta wurin maƙeri, kuma na yanke shawarar in sayi sabbin harsasai kwali ɗaya in fara da su tukuna. Baban Ummi, ruwan in ya taɓa katakon ba matsala, ko sai na naɗe shi da leda?