Marigayi Gustav Leonhardt, makaɗin ƙasar Holland, madugun makaɗa ne ko mai ogan (babban abin kiɗan coci) ne kawai?

Bulus: Jama'a ni fa ban janye ba, Leonhardt mai kaɗa ogan ne a coci, shi ke nan, a daina ce masa madugun makaɗa. Mutumin da ya yi shekara sama da 20 a cocin Waalse Kerk ta Amsterdam tun 1959 sannan ya koma cocin Nieuwe Kerk, ai zaman benci ya iya ba tsayuwa gaban ƙungiya ba.

Ladi: Haba yaya Bulus, to waƙoƙin cocin da Bach, Bajamushen mai tsara kiɗa, ya rubuta fa, kantata ɗin nan? Leonhardt da madugun makaɗa Harnoncourt na Ostiriya suka raba aikin suka naɗe su kaf a faifai, kusan 200, daga 1971 har 1990, rabonsa wa ya jagoranta in ba shi ba, aljanu?

Bulus: Su nawa ne a ƙungiyar? 'yan tsiraru da tsofaffin goge masu tsirkiyar hanji, sai yara maza a saman murya. Da an ba shi makaɗa 80 da mun gani.

Malam Garba: Ɗana ai nan ka kauce. Da gangan ya taƙaita su, don Bach kansa a Leipzig bai taɓa samun mutum 80 ba, kuma yara maza ne suka rera masa. Shi Leonhardt tun karatunsa a Basel daga 1947 zuwa 1950 akidarsa ɗaya ce, a kaɗa abu da kayan da aka rubuta shi dominsu, tsirkiyar hanji sautinta laushi gare shi, ba ta danne murya, in ka cika makaɗa sai kalmomin su nutse. Kuma a zamanin Bach wanda ke zaune gaban kayan kiɗa shi ke jan sauran, ba mai ɗaga sanda ba.

Asabe: Ni abin da ke ba ni dariya, Nieuwe Kerk ɗin ma ba a ibadar Lahadi a ciki, nune-nune ake yi sai naɗin sarauta, a can aka naɗa Sarauniya Beatrix ta Holland a 1980. To mai ogan na wace ikilisiya kenan?

Ladi: Asabe kar ki karkatar mana da zance, ogan ɗin dai yana nan kuma shi aka damƙa wa. A 1980 ɗin ma aka ba su kyautar girmamawa ta Erasmus shi da Harnoncourt.

Bulus: Kyauta ba hujja ba ce. Almajirinsa Ton Koopman ai sake naɗar kantatocin ya yi da muryar manyan mata, ku saurari biyun tsakani da Allah, yaran nan wani lokaci numfashinsu ba ya kai ƙarshen layi.

Malam Garba: Wannan kam gaskiya ka faɗa, akwai wuraren da yaran suka sha wuya. Amma kana kushe zaɓinsa na mawaƙa, ai ka yarda shi ke jagoranci kenan.

Bulus: Baba ban yarda ba tukuna, a turo mana bidiyonsa yana tsaye gaban makaɗa, amma ban da fim ɗin 1968 da ya sa hular gashi ya fito a matsayin Bach.