Gilashin hular kwanona ya hana ni tafiyar dare

Assalamu alaikum 'yan uwa masu doguwar tafiya a kan mashin. Shawara nake nema a kan gilashin hular kwano.

Boxer gare ni, kuma harkar kasuwa kan kai ni Yauri daga Birnin Kebbi, ta Jega da Koko. Tun shigowar hunturu ƙura ta kakkarce gilashin, ya yi dishi-dishi. Da rana da sauƙi. Amma da magariba ta yi, tirela ta dallo fitila, sai hasken ya tarwatse a fuskata, ban ganin rami, ban ganin shanun da ke tsallaka titi. In na ɗaga gilashin kuma, ƙwari da tsakuwa su cika mini ido, hawaye na zuba.

Na wanke da ruwan sabulu, na goge da tsumma mai laushi, babu canji. Wani bakanike ya ce in murza man goge baki, hazon ma ƙaruwa ya yi. Na zaga wajen masu kayan gyaran mashin, duk gilashin da aka ɗauko ƙofofinsa ba su hau hulata. Baƙi kaɗai ya yi daidai, shi kuwa da dare makanta ce.

To, akwai abin da ke fitar da karcen, ko dai in haƙura in sayi sabuwar hula? In sabuwa ce, wace iri ce ake samun gilashinta daban a Birnin Kebbi ko Jega, wadda kuma kai ba zai dafu a cikinta ba in bazara ta kama? Allah ya saka da alheri.