In tafi Yamai neman digirin dokta ko in riƙe allina?

Mushen Dungas: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 9 ina riƙe da alli tun fitowata daga Ekol Normal Askia Mohamed, kuma na gama masta. Burina in koyar da malamai masu tasowa, bincikena a kan 'yan matan karkara da ake cirewa daga lakkwal kafin CM2, ajin ƙarshe na firamare. Yamai zan nufa ko Kano? Mata ɗaya, 'ya'ya 4, ba ni da burs, wato tallafin karatu.

Ɗan Zango: Da a da ne, sai in ce ka nemi burs ta Faransa.

Tsohon Darakta: Ɗana, saurare ni. Shekara 6 na yi ina bin wani farfesa da takardata. In kira, yana taro. In hau mota tun daga Damagaram, kwana a hanya, in tarar ya yi tafiya. Gonar gero ta Mirya na sayar a kan wannan abu. Ranar da ya karanta babi na 3 sai ya ce in sauya take! Har yau kwalin takardun yana ƙarƙashin gado, gara ta ci rabi.

Na Sabon Gari: To baba, ai garar ta yi dokta kenan.

Madam ta Birni: Kano kusa ce, amma da Turancin Ingilishi za ka rubuta, ka dawo kana neman a amince da takardar. Kuma ko ka shiga koyarwa a jami'ar André Salifou ta Damagaram, ƙarin girma sai ta hannun CAMES, hukumar da ke tantance malaman jami'a a Wagadugu, sai da maƙaloli. Ɗaki a Yamai jika 25 na biya.

Ɗan Zango: Jika 25 a wane zamani? Ƙanena 45 yake biya, ban da wuta.

Tsohon Darakta: Kai da ba ka taɓa kwana a ƙauye da allo ba, bari manya su yi magana.

Madam ta Birni: Baba, da girmanka, wanda ya gama ya kamata a tambaya.

Wata Kontiraktuwal: Ku kuna zancen dokta. Ajina na zana ne can bayan Tanut, yara 70, hunturu na shigowa ta ko'ina. Tun gobarar da ta ci ajujuwan zana da yara a Maradi a 2021 gabana ke faɗuwa. Masu bincike sun zo sau 2, suka cika takarda, suka sha shayi, suka tafi. Wa ya ga alat ɗin kuɗin wannan wata?

Na Sabon Gari: Shiru kake ji, yaya. Mai kanti ya rufe mini littafi.