Shirin da na rubuta ya sayi Bitcoin (BTC) sau biyu, kuɗin kuma na yayana ne

Ɗan Garin Malam: Assalamu alaikum ƴan uwa, ku yi haƙuri da tsawon zance. Na gama karatun lissafi a jami'ar André Salifou, aiki shiru, sai nake taya kawuna zama a shago a kasuwar Dole. Yayana da ke Agadez ya turo jaka 150 in ajiye masa, kuɗin aurensa ne, don ya san in ya bar su a gida za a yi ta ranta har su ƙare. Ni kuma na ga bai kamata kuɗi su kwanta ba, na mayar da su USDT, wato kuɗin intanet na kirifto da aka ɗaura darajarsa a kan dalar Amurka. Na rubuta ɗan shirin kwamfuta da yaren Python da ccxt (manhajar da ke haɗa shiri da kasuwannin kirifto), yana sayen Bitcoin in farashi ya faɗi, ya sayar in ya tashi. Daren jiya kuran ya ɗauke, rezo ma yana ta yankewa. Da safe na tarar ya yi saye ɗaya sau biyu, kuma yanzu duk umarnin da na aika sai ya dawo da saƙon kuskure mai suna InvalidNonce. Yaya zai zo bayan Sallah. Don Allah me zan yi?

Injiniya na Birni: Wa alaikumus salam. Matsalarka biyu ce, ka daina haɗa su. InvalidNonce agogon kwamfutarka ne. Kowane umarni yana tafiya da lokacin da aka aika shi, kasuwar kirifto kuma ba ta karɓa in ya kauce wa nata agogon da ƴan daƙiƙoƙi. Tsohuwar kwamfuta in ta mutu, agogonta yakan rikice. Ka daidaita shi da intanet, ka kunna adjustForTimeDifference, saitin ccxt da ke gyara bambancin agogon. Saye biyun kuwa, na rantse ka sa shirin ya sake aikawa ne in ya ga RequestTimeout, wato lokacin jiran amsa ya ƙare. Wannan ba ya nufin umarnin bai isa ba, amsar ce ba ta dawo maka ba. Sai ka fara duba fetch_open_orders da fetch_my_trades, ka ga ko umarnin ya riga ya shiga, kafin ka sake, ko ka ba kowane umarni clientOrderId nasa, wato lambar shaida, don a gane in an maimaita shi.

Mai Shayi: Ba awa ɗayan da ke tsakaninmu da GMT ba ce? Ya mayar da agogonsa baya kawai.

Injiniya na Birni: A'a malam, kar ka ɓatar da yaro. Lokacin ana ƙirga shi ne tun daga 1970 bisa UTC, babu ruwansa da ƙasar da kake.

Ɗan Garin Malam: Injiniya, dole na sa ya sake aikawa, ka san rezonmu. In ban sa ba damar za ta wuce. Kuma dabarar tana ci, makon farko na ga riba.

Maman Biyu: Ƙanena, ni ba na jin wannan yaren naku, amma yayan naka ya sani? Mijin ƙanwata haka ya juya kuɗin adashenmu, wai zai sayo wake a Matamaye ya ajiye. Har yau ba ma gaisawa. Ka fitar da abin da ya rage ka kira shi.

Injiniya na Birni: Ribar da ka gani, ka cire kuɗin kasuwa? In 0.1 cikin ɗari ake cira a saye, a kuma cira a sayarwa, shirin da ke ciniki sau da yawa a yini kasuwa yake yi wa aiki. Me ya hana ka gwaji da set_sandbox_mode tukuna? Kuma makullin API ɗinka, wanda shirin ke shiga asusunka da shi, ka rufe masa izinin cire kuɗi?

Ɗan Garin Malam: Kuɗin gwaji ba sa koyar da komai, farashin can ba irin na gaske ba ne. Hajiya, niyyata alheri ce, so nake ya zo ya tarar sun ƙaru.

Mai Shayi: Kar ka sayar yanzu, ka riƙe, zai tashi. Ni da na sayar da wuri a 2022 har yau ina cizon yatsa.

Malam na Zango: Amana dai ba a juya ta sai da izinin mai ita, ko da riba za ta kawo. Hukuncin shi kansa kirifto kuma malamai sun saɓa.

Injiniya na Birni: Ba ka amsa mini maganar makulli ba.

Ɗan Garin Malam: Agogon ya gyaru, na gode. Akwai wanda ya san inda zan samu VPS (kwamfutar haya da ke aiki a intanet dare da rana) mai sauƙi da ake biya da sefa? In shirin ya daina dogaro da kuran ɗin gida, ina ga kafin Sallah zan cike giɓin.