Mutum 600 sun amsa mini, ƙawata 120 kawai ta tambaya: me ya sa aka fi yarda da nata?

Ɗalibar Aji Ɗaya ta rubuta:

Assalamu alaikum. A darasin gabatarwa ga ilimin ƙididdiga, malaminmu ya ba mu aikin gano kashi nawa cikin ɗari na ɗaliban tsangayarmu, su 2,400, ke goyon bayan a mayar da wasu laccoci ta intanet. Na tura tambayar a zaurukan WhatsApp na azuzuwa, cikin kwana uku mutum 600 suka amsa, kuma kashi 81 cikin ɗari suka ce suna goyon baya. Ƙawata kuwa ta karɓi rajistar ɗalibai, ta sa kwamfuta ta zaɓo mata lambobi 120, ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta samu kashi 54. Malam ya yaba wa aikinta, ni kuma ya rubuta mini cewa samfurina, wato mutanen da na samu amsarsu, ya karkata. Ta yaya mutum 120 za su fi 600 faɗin gaskiya? Ina roƙon masana su fahimtar da ni.

Malamin Lissafi ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin tambayi mutane ra'ayinsu game da karatu ta intanet, kuma ta intanet ɗin kika tambaye su, saboda haka wanda ba shi da babbar waya, ko wanda kuɗin data ke yi masa wuya, bai ma ga tambayar ba, alhali shi ne wanda ya fi kusa da cewa a'a. Daga cikin waɗanda suka gani ma, ba ke kika zaɓi masu amsawa ba, su ne suka zaɓi kansu, kuma galibi wanda magana ta dama shi ne ke tsayawa ya ba da amsa. Ki duba lissafin: kashi 81 na 600 mutum 486 ne, amma akwai 1,800 da ba ki ji ta bakinsu ba. In duk sun ƙi, goyon bayan kusan kashi 20 ne kawai, in kuwa duk sun yarda, ya kai kashi 95, kuma babu komai a aikinki da zai nuna inda gaskiya ta faɗa tsakanin waɗannan iyakoki biyu.

Irin wannan ya taɓa faruwa a Amurka a 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kimanin miliyan 10, aka dawo mata da fiye da miliyan 2, ta yi hasashen cewa Alf Landon zai kayar da Shugaba Franklin Roosevelt da kusan kashi 57 cikin ɗari. Da aka yi zaɓe sai Roosevelt ya samu kusan kashi 61, ya lashe jihohi 46 daga cikin 48. Mujallar ta tattaro sunayen ne daga kundin masu wayar tarho, da rajistar masu motoci, da masu sayen mujallar, a lokacin da talaucin karyewar tattalin arziki ya hana yawancin talakawa mallakar waɗannan abubuwa, sannan waɗanda ke fushi da gwamnati sun fi saurin mayar da takarda. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayin jama'a wanda ya tambayi mutane kimanin 50,000, ya faɗi daidai wanda zai yi nasara. Mujallar ba ta wuce 1938 ba.

Kuskure iri biyu ne, kuma ɗalibai kan cakuɗa su. Akwai kuskuren sa'a, wato bambancin da ake samu don kawai ba kowa aka tambaya ba, wannan kam yana raguwa idan samfuri ya ƙaru: a ƙiyasce kusan kashi 9 ne ga mutum 120, kashi 5 ga 400, kashi 3 ga 1,000. Akwai kuma karkata, wadda ke fitowa daga hanyar zaɓen kanta, ita kuma yawa ba ya maganinta. Mai sayen tumatir ya san cewa ko ya juya guda ɗari daga saman kwando bai san abin da ke ƙasa ba, shi ya sa yake cewa a zazzage. Abin da ƙawarki ta yi ƙuri'a ce, irin wadda ake jefawa a wajen rabon gado bayan an daidaita kaso, inda kowa ke da dama daidai da ta ɗan'uwansa, kuma wannan ne kaɗai ya ba ta ikon cewa, bisa rinjayen zato, gaskiya tana tsakanin kashi 45 da 63, wato 54 ɗinta a rage ko a ƙara 9. Tazarar tana da faɗi, amma an san faɗinta.

Tsohuwar Ma'aikaciyar Fili ta amsa:

Allah ya ƙara wa Malam basira. Ina so in ƙara abin da aji ba ya nunawa, domin na yi shekaru ina bin gidaje da takardar tambayoyi. A yawancin garuruwanmu babu rajista irin ta makaranta, saboda haka manyan bincike kan zaɓi gungu ne tukuna, wato rukunin gidajen da ke wuri ɗaya. A binciken lafiya da yawan jama'a na Nijeriya na 2018, wanda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar, an raba kowace jiha zuwa birni da karkara, aka zaɓi yankunan ƙidaya 1,400, sannan aka jera gidajen kowane yanki aka zaɓi 30. Wannan yana rage kuɗin mota da wahalar tafiya ƙwarai, amma yana da illarsa, don maƙwabta suna kama da juna, rijiya ɗaya suke sha, asibiti ɗaya suke zuwa, gida 30 a unguwa guda ba su kai darajar gida 30 da ke warwatse ba.

Ko an yi zaɓe mai kyau, karkata tana iya shigowa ta bakin ƙofa. Wanda ya je ƙauye da hantsi a tsakiyar damina zai tarar magidanta suna gona. Namiji ba zai wuce zaure ba a gidan da aka ce ba shiga, shi ya sa mata ne ke tambayar mata. Na sha ganin matar da amsarta kan tazarar haihuwa ta sauya da zarar maigida ko uwar miji ta zauna kusa. Idan kuma aka zo maganar abin da mutum ke samu a wata, wanda ya ɗauka daga ofishin haraji kake zai rage, wanda ya ɗauka rabon tallafi ake shirin yi shi ma zai rage, kowa da dalilinsa. Don haka, 'yata, ki sake duba yadda kika tsara tambayar, domin tambaya irin "kana goyon bayan sauƙaƙa karatu ta intanet" ta riga ta ɗora wa mutum amsa a baki.

Mai Koyon Ƙididdiga ya amsa:

Ina da ja kaɗan a kan yabon da ake yi wa Gallup. A zaɓen shugaban Amurka na 1948 shi ma ya yi hasashen Thomas Dewey zai kayar da Shugaba Harry Truman, kuma Truman ne ya ci. Hanyarsa ta cika kaso ce: a ce wa mai tambaya ya samo maza kaza, mata kaza, amma shi zai zaɓi wanda ya ga dama, ga shi kuma an daina tambaya makonni kafin zaɓe. Haka nan tsayawa a bakin ƙofar tsangaya ana tare duk wanda ya gifta, kan mai uwa da wabi, ba ƙuri'a ba ce. Tambayata ita ce, shin ƙawar taki ta samu duka mutum 120 ɗin da kwamfuta ta zaɓa?

Ɗalibar Aji Ɗaya ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tambaye ta, ta ce ta samu 101, sauran 19 kuma da ba ta gan su ba sai ta cike gurbinsu da waɗanda ta tarar a ɗakin karatu. Wannan ya ɓata aikin nata ne?

Malamin Lissafi ya amsa:

Bai rushe shi ba, amma ya raunana shi, kuma wajibi ne ta bayyana hakan a rahotonta. Ɗalibin da ba a ganinsa a makaranta mai yiwuwa yana aiki ne ko yana zaune nesa, watakila shi ya fi kowa son lacca ta intanet, wanda ke ɗakin karatu kullum kuwa ba madadinsa ba ne. Mutum 19 cikin 120 kusan kashi 16 ne, ya fi ƙarfin kashi 9 ɗin da muka lissafa. Ta cire amsoshin waɗanda ta cike gurbi da su, ta fitar da sakamakon 101 ɗin shi kaɗai, sannan ta sake neman 19 ɗin sau biyu ko uku a lokuta dabam-dabam, ta hannun wakilan aji, ta rubuta adadin waɗanda suka gagara. Ke kuma kada ki zubar da 600 ɗinki, ki gabatar da su a matsayin ra'ayin waɗanda suka amsa a WhatsApp, ki sa sakamakonki da na ƙawarki gefe da gefe ki kai wa malaminku.